Kafin ka bar Bronx ka koma New Jersey, ka san asusun garin

Da yawa daga cikin 'yan uwa da suka sauka a Bronx, wani yanki na birnin New York a Amurka, da zarar sun ɗan zauna da gindinsu, sai hankalinsu ya koma ƙananan garuruwan jihar New Jersey, inda ake samun fili da kwanciyar hankali. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne, titi ɗaya za ka tsallaka ka shiga wani gari, sai ka tarar makaranta daban, kwasar shara daban, kuɗin haya ma daban.

A Najeriya mun saba ƙananan hukumomi 774 suna jiran kasonsu daga asusun tarayya. Nan kuwa New Jersey na da garuruwa 564 masu cin gashin kansu, kuma harajin gidaje da filaye ne ginshiƙin kuɗinsu. Fiye da rabinsa makarantu ke lashewa. Shi ya sa gari mai manyan kantuna irin Paramus yake samun sauƙi, domin 'yan kasuwa na ɗauke wa mazauna wani kaso na nauyin. Garin da gidajen kwana ne zalla, ga yara birjik, magidanta ke ɗaukar komai a kansu. Kada ka ce kai ɗan haya ne, ba ruwanka. Daga kuɗin hayarka mai gida yake biyan harajin.

Sai batun ma'aikata. Wani gari yana biyan 'yan kwana-kwana albashi da fansho, wani kuwa masu sa-kai ne. Wasu ƙananan garuruwa ba su da 'yan sandansu, na jiha ke kula da su. A wani wurin kai za ka biya kamfani ya kwashe maka shara, don haka ka tambaya tun kafin ka sa hannu a takardar haya.

Mai ƙananan yara ya lura da wannan sosai. Sakamakon shari'ar Abbott, wadda aka yi a kotun ƙolin New Jersey kan kuɗin makarantun yankunan talakawa, gundumomin makarantu 31 masu ƙaramin ƙarfi, ciki har da Newark da Irvington da East Orange, suna samun ƙarin kuɗi daga jiha, kuma 'yan shekara 3 da 4 suna da ajin share fage kyauta. A ganina, ga iyalin da uwa da uba ke aiki, wannan ya fi ɗan rangwamen haya amfani nesa ba kusa ba.

Yaro makarantar garin da yake kwana zai shiga. Don Allah kada ka ari adireshin ɗan uwa. In an gano, ana iya cire yaron, a kuma nemi ka biya kuɗin karatun da ya yi.