Yadda na gyara katin talabijin ɗin da ya ƙi kama tasha

Tsohuwar kwamfutata ce na mayar na'urar kallo a falo. Na sa mata Ubuntu (tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta) da Kodi (manhajar kallon bidiyo), na soke katin talabijin na DVB-T2 (tsarin talabijin na dijital da ake kamawa da eriya) a ramin PCIe da ke cikin kwamfutar, na ɗora Tvheadend, manhajar kama tashoshi da naɗar shirye-shirye, domin in riƙa naɗar labaran dare idan ban dawo gida da wuri ba. Kwamfuta ta ga kati, amma duk neman da na yi, ko tasha ɗaya ba ta fito ba.

Eriya na fara zargi. Sau biyu ina hawa rufin kwano da tsakar rana ina juya ta, ƙanena yana ƙasa yana ta ihun "Yaya, har yanzu babu!" Ashe jifa nake a ruwa.

Da dare na buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin da tsarin kwamfuta ke bayarwa game da na'urorinta, sai ga laifin ƙuru-ƙuru: guntun Si2168 da ke jikin katin yana neman fayil ɗin firmware, wato ƙaramar manhajar da ke sa shi aiki, mai suna dvb-demod-si2168-b40-01.fw, bai same shi ba. Idan babu wannan fayil, kati zai bayyana lafiya lau amma ba zai kama sigina ba, abin da ya ruɗe ni ke nan. Na sauko da shi, na ajiye a /lib/firmware, na kashe kwamfutar gaba ɗaya har na zare wuta, sannan na kunna.

Sauran gyaran ɗan kaɗan ne. A shafin Tvheadend, wanda ake buɗewa a burauza ta ƙofa (port) 9981, na mayar da faɗin zangon sigina (bandwidth) 8 MHz, na sake nema. Tashoshin da ba a kulle ba suka jeru. Hoto ya ɗan riƙa tsinkewa, har sai da na canza kan wayar eriya da ya yi tsatsa.