Yadda Ake Cika Shafin Intanet na Kasuwanci da Abin da Mai Saye Ke Nema

Akwai shafukan kasuwanci da yawa da idan ka buɗe ba ka samun komai sai hoton ƙofar shago, da jawabin shugaban kamfani, da maganar nan ta "mun fi kowa inganci da rahusa". Wanda ya shigo da tambaya haka zai fita da abarsa. A nan za mu ɗauki shagon kayan sola a Kano a matsayin misali, domin sana'a ce da mai saye ba ya zaro kuɗi sai ya gaji da tambaya. Tsarin dai ɗaya ne ko atamfa kake sayarwa ko maganin feshi.

Tattara tambayoyi kafin rubutu

Ka ajiye littafi a kan kanta na tsawon mako biyu. Duk tambayar da mai saye ya yi, yaron shago ya rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada ya gyara mata Hausa. Ka haɗa da saƙonnin da ke shigowa ta WhatsApp. Za ka ga abubuwa kamar "batir nawa zai ɗauki firji?", "me ya sa inbatana ke kuka da asuba?", "litiyam ya fi ko mai ruwa?". Kowace ɗaya daga cikinsu shafi guda ce mai zaman kanta.

Daga nan ka buɗe Google a waya, ka fara rubuta tambayar ba tare da ka ƙarasa ba, ka ga abin da zai ƙarasa maka. Waɗannan kalmomi ne da mutane suka saba nema. Ka gwada da Hausa, ka gwada da Turanci, ka gwada da gaurayen biyun, domin mutumin da zai yi maka magana da Hausa zalla a shago sau da yawa rabin abin da yake bugawa a waya Turanci ne.

Tambayoyin za su kasu uku: na wanda bai yanke shawarar sa sola ba tukuna, na wanda ke kwatanta kaya da farashi, da na wanda ya riga ya saya yana fama da matsala. Ƴan kasuwa sun fi son na biyu saboda nan kuɗi yake kusa. Amma na uku ne ke kawo amana. Mutumin da shafinka ya nuna masa cewa ruwan batirinsa ne ya ja baya, ya zuba ruwan batir ya huta, wajenka zai zo ranar da zai canja batir ɗin gaba ɗaya.

Sai jadawali. A arewa neman sola yana tashi ne da zafi, daga Maris zuwa Mayu, don haka rubutun fanka da firji a Janairu ya kamata ya hau, saboda sabon shafi kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya samu gurbi mai kyau a Google. Rubutun wanke ƙura daga farantan sola ya fita a Nuwamba kafin hunturu ya kankama, na kariya daga tsawa kuma kafin damina. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, sai a riƙa duba kalanda. Rubutu biyu masu kyau a wata sun wadatar da ƙaramin shago. Wanda ya ɗauki alkawarin kullum yakan yi mako biyu ya watsar.

Yadda shafi ɗaya ya kamata ya kasance

Amsa ta zo a layi biyu ko uku na farko. Mai karatu a waya yake, data yake ƙonawa, ba zai jira tarihin hasken rana ba. Idan tambayar ita ce batir nawa gida mai ɗaki biyu ke buƙata, ka ce masa biyu masu 200Ah (Ah shi ne ma'aunin cajin da batir ke ɗauka) idan masu ruwa ne, sannan ka nuna lissafin a fili. Ana ninka yawan kaya da wat ɗinsu da awannin aiki: fanka biyu masu wat 60 na awa 8 sun ci wat-awa 960. Ƙwan lantarki shida masu wat 10 na awa 6 sun ci 360. Talabijin mai wat 60 na awa 5 ya ci 300. Jimla 1,620. Batir mai 12V da 200Ah, idan aka ninka 12 da 200, yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma mai ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, wato 1,200 ke nan, ga kuma abin da inbata kanta ke ci. Ɗaya ba zai kai safiya ba. Wannan ɗan lissafi ya fi shafi goma na yabon kai amfani, domin mai karatu zai iya sa nasa kayan a ciki ya auna, kuma ya gane cewa wanda ya rubuta ya san aikin.

Ka faɗi abin da kayan ba za su iya ba. Idan inbatar ba za ta ɗauki dutsen guga ko injin jan ruwa ba, rubuta shi ɓaro-ɓaro. Wanda aka ɓoye wa wannan shi ne zai dawo da kaya da rigima.

Maganar farashi ana yawan gardama a kanta. Wasu na ɓoyewa wai kada abokan hamayya su gani, alhali abokin hamayya zai aiko yaro ya tambaya cikin minti biyar. Mai saye kuwa idan bai ga farashi ba yakan ɗauka tsada ce ta sa aka ɓoye. Ka sa farashi, ko aƙalla daga kaza zuwa kaza, tare da ranar da aka sabunta shi. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kayan da ake shigowa da su ba sa zama wuri ɗaya, kuma tsohon farashi marar kwanan wata shi ke jawo "ai a shafinku na gani".

Kanun shafi kada ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, in ba haka ba Google zai datse shi. Ka sa tambayar a farkonsa, sunan shago a ƙarshe. Ɗan bayanin da ke fitowa a ƙarƙashin kanu a sakamakon binciken Google ya tsaya a wajen haruffa 155. Idan da manhajar gina shafuka ta WordPress aka gina shafin, ƙananan manhajojin da ake ƙara mata irin su Yoast SEO ko Rank Math suna ba da gurbin rubuta duka biyun. Cusa kalma ɗaya sau ashirin a rubutu don a burge Google tsohon yayi ne, yanzu baya yake mayar da shafi. Haka kwafo bayanin kaya daga shafin kamfanin da ya ƙera su: ɗaruruwan shaguna sun riga sun kwafa, babu dalilin da zai sa a nuna naka.

A ƙarshen kowane shafi a ba mai karatu abu ɗaya da zai yi. Mafi sauƙi shi ne maɓallin WhatsApp. Ana haɗa shi da wa.me sai lambar ƙasa da lambar waya, ba alamar tarawa, ba sifilin farko: 234 a Najeriya, 227 a Nijar. Mutane da yawa suna barin sifilin, maɓallin ya ƙi aiki, su yi wata da watanni ba su sani ba. Ka danna shi da kanka daga wata wayar.

Haruffa masu ƙugiya suna da nasu sha'ani. A cikin rubutu ka yi amfani da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ yadda ya dace, Gboard yana da allon Hausa. Amma ka duba salon haruffan da aka zaɓa wa shafin, domin wasu ba su da waɗannan, sai su fito da akwati ko su fita daban da sauran. A adireshin shafi kuwa a bar ƙugiya, a rubuta shi gajere da haruffan da kowa ke da su, saboda adireshi mai ƙugiya yakan rikiɗe ya zama dogon jerin alamomi idan aka tura shi. In za ka yi Hausa da Turanci, kowanne ya samu shafinsa. Fassarar na'ura da ba wanda ya duba ta tana zubar da mutuncin shago nan take.

Hoto, inda aka fi yin ɓarna

Hoton aikinka na gaske, ko da wayar hannu aka ɗauka, ya fi hoton Bature a kan rufin gidan da ba irin namu ba. Ka ɗauka da safe ko da yamma, ka nuna yadda aka jera wayoyi, da inda aka ajiye batir, da allon inbata yana aiki. Matsalar ita ce hoton waya yakan kai megabait 3 zuwa 5. Shida irinsu a shafi ɗaya, ga sabis mai rauni, mutum ya rufe kafin rubutun da aka sha wahala a kansa ya bayyana: rijiya ta bayar, guga ya hana. Kafin ɗorawa a rage faɗinsa zuwa fiksel 1,200, a matse shi da Squoosh ko TinyPNG har ya dawo ƙasa da kilobait 200, in da hali a mayar da shi WebP, wani nau'in hoto marar nauyi. A canja masa suna daga jerin lambobin da kyamara ta ba shi zuwa abin da ke cikinsa, a kuma cike gurbin bayanin hoto, wanda makafi masu amfani da manhajar karatu da shi kansa Google suke dogara da shi.

Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma PageSpeed Insights zai auna maka kyauta. Duk da haka gwajin da ya fi gaskiya shi ne ka ari ƙaramar wayar Android, ka kashe wayifai, ka buɗe da data. Da fuskar waya Google ke auna shafuka yanzu, ba ta kwamfuta ba.

Gidan mutum ba a ɗora hotonsa sai da izininsa, kuma ko ya yarda a kauce wa lambar gida, da fuskar iyali. Lambobin waya da sunayen da kake karɓa ma amana ce da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanta.

Kai rubutun inda mutane suke

Rubutu ba ya tallata kansa. Matakin farko kyauta ne: ka yi rajistar shafin a Google Search Console, inda Google ke nuna maka yadda shafinka ke fitowa a bincike, ka miƙa taswirar shafukanka, wato jerin adireshinsu. Sannan ka buɗe Google Business Profile, wato bayanin shagonka da ke fitowa a bincike da taswirar Google, da adireshi, da lokacin buɗewa da rufewa, har da hutun sallar Juma'a, da hotuna. Suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a ko'ina. Duk wanda aka gama wa aiki ya ji daɗi, a roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa a can a ranar, kafin ya manta.

WhatsApp ne babbar hanya. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, don haka rubutu ɗaya ana iya fitar da shi sau uku ko huɗu ta fuskoki daban: yau lissafin, jibi hoton aikin, wani mako tambayar da wani ya yi. Jerin aika saƙo ga jama'a yana ɗaukar mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka, shi ya sa ake cewa mai saye ya adana ta tun yana tsaye a shago. Jefa mutane cikin guruf ba da saninsu ba kuwa hanya ce ta sa a kai ƙarar lambar a rufe ta.

A Facebook kada a manna adireshi kawai a tafi. A rubuta rabin amsar, sauran a shafi, kuma a tanadi hoto mai faɗin 1,200 da tsayin 630 don ya fito daidai. Masu saye da yawa sun fi son ji da gani a kan karatu, sai a mayar da kowane rubutu bidiyon minti ɗaya a tsaye, ma'aikaci yana nuna abin da hannunsa yana bayani da Hausa, a sa a TikTok da sitatus. Dalilin mayar da kowa zuwa shafinka shi ne asusun sada zumunta ana iya rufe shi ko a sace shi dare ɗaya, kuma tsohon saƙo yana nutsewa, shafi kuwa yana nan ana samunsa bayan shekara biyu. Idan kana talla a rediyo, adireshin ya zama gajere wanda za a iya faɗa sau ɗaya a riƙe.

Tallan kuɗi ya zo daga baya. A zaɓi rubutun da ya riga ya jawo tambayoyi da kansa, a sa masa kuɗi kaɗan na mako guda, a taƙaita shi ga garuruwan da za ka iya kai kaya. Sayen mabiya ko biyan shafukan banza su sa adireshin shafinka asarar kuɗi ce, na biyun ma yana iya jawo Google ya hukunta shafin.

Dubawa da gyara

Sau ɗaya a wata ka buɗe Search Console ka duba abu biyu: sau nawa aka nuna shafi, sau nawa aka danna. An nuna da yawa ba a danna ba, kanun ne bai ja hankali ba, a sake shi. Ana shiga amma ba a kira, ko amsar ba ta gamsar ba ko maɓallin ya ɓuya a ƙasa. Ba a nuna shi sam bayan wata biyu, a duba ko Google ya ma shigar da shi. A wajen za ka ga ainihin kalmomin da aka buga aka same ka, waɗanda sukan ba da kanun rubutu na gaba. A shago kuma a riƙa tambayar sabon mai saye inda ya ji labari, a rubuta a littafin nan.

Gyara tsohon shafi mai kawo mutane ya fi rubuta sabo riba. Kayan da suka ƙare kada a goge shafinsu, a rubuta sun ƙare a nuna madadinsu, in kuma dole ne a canja adireshi a sa turawa ta 301, wadda ke kai mai buɗe tsohon adireshi kai tsaye zuwa sabon. A tabbata adireshin yana farawa da https, domin tun 2018 Chrome ke yi wa wanda ba shi da shi tambarin rashin tsaro, ga shi ƙungiyar Let's Encrypt na ba da takardar shaidar tsaron da https ke buƙata kyauta.

Sunan shafin, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunaye masu .ng, a yi rajistarsa da sunan mai kasuwa da imel ɗinsa, ba na wanda ya gina shafin ba. Kalmomin sirri na masaukin shafi, wato kamfanin da ke ajiye shi a intanet, da Search Console, da asusun Facebook su kasance a hannun mai shago, ranar sabunta rajista kuma a sa mata tunatarwa wata guda kafin ta cika.