Yadda ake ziyartar kogon Niah a Maleshiya

Mu da muka tashi a Birnin Kudu, in aka ce zanen dutse, Dutsen Mesa da Dutsen Habude ke faɗo mana a rai, inda mutanen dauri suka bar jan zanen shanu a jikin pa. Ka hau da silifas ka sauko kafin shayinka ya huce. To, yaranmu da ke karatu a Maleshiya, da iyayen da ke zuwa bikin yaye su, kada su ɗauki kogon Niah haka. Wannan tafiyar yini ce, cikin danshi da duhu.

Fara da fasfo. Niah na jihar Sarawak ne, a tsibirin Borniyo, kuma jihar na da nata jami'an shige da fice. Ko daga Kuwala Lumfur ka taso sai an buga maka hatimi. Ka hau jirgi zuwa birnin Miri da ke Sarawak ɗin, ka kwana, da sassafe ka ɗauki shatar mota, tafiyar kusan awa biyu. Ku yi magana da direban tun farko kan lokacin da zai dawo, don samun mota a can da yamma aiki ne. In da hali ka kauce wa tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi.

Kayan da za ka riƙa ba su da yawa: tocila mai ƙarfi, wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi, kambas mai kama ƙasa, hula, ruwan sha isasshe, da leda don waya. Babbar riga da hula zanna a bar su a masauki. Zufar can ba irin tamu ba ce da iska ke busarwa, jiƙa ka take ta zauna.

A ofishin gandun dajin da kogon ke ciki za ka yi rajista ka biya, sannan ƙaramin kwale-kwale ya haye da kai kogin Niah. Hannu ya zauna cikin jirgi, akwai kada. A ƙetaren akwai gidan tarihi, ka leƙa shi tukuna, in ba haka ba ramukan masu tonon kayan tarihi da za ka gani gaba ba za su ce maka komai ba. Daga nan hanyar katako ce ta kusan kilomita 3 cikin kurmi. In an yi ruwa tana da santsi, ka taka a hankali.

Za ka fara isa inda fatake ke zama a da suna sayen sheƙar tsuntsu, har yanzu ga ragowar itacen rumfunansu. Wata irin tsattsewa ce ke gina sheƙar da yawunta a rufin kogon, masu ɗiba su hau dogayen sanduna su ɓamɓaro, Sinawa su saya da tsada su yi miya. Kowa da abincinsa.

Sai Babban Kogo. Bakinsa ya kai mita 60 a tsayi, faɗinsa kuwa wajen mita 250. Dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a yi siminti, shi ya sa ruwan sama ya iya cinye cikinsa a hankali har ya zama rami. Namu na Birnin Kudu ya fi ƙarfin ruwa ya yi masa haka. A nan bakin, cikin shinge, wani Bature mai binciken tarihi, Tom Harrisson, da matarsa Barbara da ma'aikatansu suka tono ƙoƙon kan mutum a 1958, wanda aka kiyasta ya kai shekara kusan 40,000. Wannan na cikin dalilan da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin a jerin kayan tarihin duniya a 2024.

Yanzu kunna tocila. Gaba akwai wurin da ko tafin hannunka ba ka gani, ƙasa duk kashin jemage, ga wari mai hawa kai. Duba ƙarfe ko katakon gefen kafin ka dafa, ƙwari na kwana a kai. Mutane da yawa a nan suke juyawa, kuma a ganina sun yi asara, domin can bayan duhun ne Kain Hitam yake, kogon da ke da jan zane na mutane da jirage, inda aka binne matattu cikin akwatuna masu siffar kwale-kwale. Zanen ya dushe, yana bayan shinge, sai ka tsaya ido ya saba kafin ya fito maka.

Ka lura da agogo. Hanyar da ka shigo ita ce ta komawa, kuma mai kwale-kwale ba ya kwana a bakin kogi. Tambaye shi lokacin tashinsa tun da safe, ka kuma tsara sallar Azahar da La'asar ɗinka da wannan lissafin, don cikin kogon babu tsaftataccen wurin shimfiɗa darduma.