Kurakuran da aka fi yi wajen juya sauti daga wani tsari zuwa wani

Mai tura karatu a memori ya san wannan matsala: tafsirin awa ɗaya ya cinye waya, ko kuma an matse shi har muryar malam ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Galibi laifin ba na manhaja ba ne.

Babban kuskure shi ne zaton cewa ƙara lamba na ƙara kyau. Mutum ya ɗauki MP3 mai 128 kbps (awon yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa) ya juya shi zuwa 320, yana ganin ya gyara. Bai gyara komai ba. Tsare-tsaren matse sauti irin su MP3 da AAC da Opus duk zubar da wani ɓangare na sauti suke yi tun a matsin farko, kamar garin da aka tankaɗe aka watsar da tsakin. Ko a buhu ka juye shi, tsakin ba zai dawo ba. Abin da ya ƙaru nauyi ne kawai: awa ɗaya a 128 kusan MB 58 ce, a 320 kuwa 144. Haka ma mayar da MP3 zuwa WAV ko FLAC, tsare-tsaren da ba sa zubar da sauti. WAV mai ingancin faifan CD na cin kusan MB 10 a minti ɗaya, ga data ta tafi a banza.

Ƙanin wannan shi ne juyi a kan juyi. An ciro sauti daga bidiyo zuwa MP3, an yanke, an sake adanawa, wani ya karɓa ya sake matsewa. Kowane zagaye sai ya ɗebi rabonsa, har ka fara jin harafin “s” yana shuu kamar ana suya. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai a karatun dattawan da suka rasu, domin babu damar sake ɗauka. Ka adana asalin fayil a gefe. In za ka yi gyara a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka ajiye aikin a WAV ko FLAC, sai ka gama ka fitar da MP3 sau ɗaya tak. In sautin bidiyo kawai kake so, manhajar FFmpeg na iya zare shi yadda yake da umarnin -vn -c:a copy, ba tare da sabon matsi ba.

Wasu kuma suna bai wa magana awon waƙa. Murya ɗaya a makirufo ɗaya ba ta buƙatar sitiriyo, wato sauti mai layi biyu, hagu da dama. Mayar da ita mono, wato layi ɗaya, a 64 kbps, awa ɗaya ta tsaya kusan MB 29, kunne kuma ba zai yi ƙorafi ba. Waƙa mai kiɗa ita ce ke son 192 zuwa sama.

Sauya wutsiyar sunan fayil ba juyi ba ne. Saƙon murya na WhatsApp da Opus yake zuwa, goge .opus ka rubuta .mp3 bai taɓa abin da ke ciki ba, shi ya sa rediyo mai memori ke ƙin karantawa. Sai an juya shi da gaske.

In sauti ya yi ƙasa, kada ka ɗaga shi har ya fashe. Ka bar ƙololuwarsa ƙasa kaɗan da 0 dB, wato iyakar ma'aunin ƙarfin sauti a manhaja. Idan kuma tsohuwar rediyo na nuna tsawon lokaci ba daidai ba, ko tana tsalle in ka tura gaba, duba ko an fitar da fayil ɗin a VBR (awon kbps mai hawa da sauka), ka koma wa asalin ka fitar da shi a CBR (awon kbps tsayayye).