Yadda za ka zaɓi gidan reza mai kyan gani, tsoho ko sabo

Kafin sheƙin gidan reza ya ɗauke maka hankali, bincika ƙarfen da ke ƙarƙashin sheƙin. Yawancin tsofaffin Gillette da tagulla aka ƙera su, aka zuba musu ruwan nikel ko na zinare, shi ya sa ake samun gidan reza mai shekara 60 yana aski lafiya lau. Na zamani masu farin jini kuwa, irin su Merkur 34C da Mühle R89 na Jamus da Edwin Jagger DE89 na Ingila, kawunansu gaurayen tutiya ne da ake kira zamak, an lulluɓe shi da kurom. Suna ɗaukar ido kamar madubi, amma in ɗaya ya faɗi a kan tayil, ƙusar da ke riƙe kan tana iya karyewa, kuma da zarar kurom ya tsage ruwa zai shiga ya riƙa cin tutiyar. Mai son abin da zai daɗe ya nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa, kamar Feather AS-D2 na Japan ko Rockwell 6S.

A cikin tsofaffi, Fatboy, wanda Gillette ya yi daga 1958 zuwa 1961, na cikin waɗanda masu tara gidajen reza suka fi rububi. Mariƙinsa gajere ne mai kauri da zanen da ke hana santsi, a wuyansa akwai zobe mai lamba 1 zuwa 9 da ke buɗe ko rage tazarar reza. Slim da ya gaje shi ya fi shi tsawo da siranta. Don sanin shekarar ƙira, juya ƙasan kan: za ka ga harafi da lamba. D na nufin 1958, E 1959, F 1960, lambar kuma, daga 1 zuwa 4, tana nuna rubu'in shekarar.

Kada ka biya kuɗi sai ka murza ƙasan mariƙin ka ga ƙofofi biyu da ke saman kan, inda ake sa reza, sun buɗe tare, sun rufe tare. In ɗaya tana jan ƙafa, wataƙila an taɓa yar da shi. Sa reza a ciki, ka ɗaga shi wajen haske, bakin rezar ya fito daidai wa daida ta ɓangarorin biyu. In ya fi fitowa ta gefe guda, wannan gefen zai riƙa yankan ka. Wurin da tagulla ta leƙo rawaya-rawaya muni ne kawai, ba ya hana aski.

Wanki kuma a hankali ake yinsa. Jiƙa shi minti 20 a ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka zaƙulo busasshiyar kumfa daga lunguna da tsinken sakace. Daga nan ka tsoma shi cikin sifirit na 'yan mintuna, ka bar shi ya bushe. Bilic yana cin ruwan nikel, tafasawa kuma tana lalata fenti da roba, irin na gindin wasu tsofaffin Gillette da ake kira Super Speed. Mai ruwan zinare kada man goge ƙarfe ya kusance shi, don ruwan siriri ne ƙwarai, shafa kaɗan sai ka tarar da tagulla. In murɗin ya yi tauri, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa.

Wani kuskure da ke iya lalata Fatboy da Slim shi ne juya zoben lamba alhali ƙofofi na ɗaure. Sassauta su tukuna, ka zaɓi lambar, sannan ka rufe ka ƙara murɗi kaɗan har ya kama. Sabon shiga ya fara daga 3, ya kwantar da rezar kamar digiri 30 a kan fata, ba tare da dannawa ba.