Yadda za ka koyi zanen fentin mai da hoton Sarki Louis na 14

In kana son hannunka ya faɗa a fentin mai toh ka kwaikwayi tsohon hoton sarki. Ni wanda nake ba masu koyo shawara shi ne na Louis na 14 sarkin Faransa, wanda Hyacinthe Rigaud ya zana a 1701, yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Amma don Allah kar ka ce duka za ka yi, tsayin asalin ya kusa mita 3. Yanki kafaɗa zuwa ƙirji kawai, wajen shuɗiyar alkyabbar nan mai furannin zinare da farar fata mai ɗigon baƙi, aikin duk a nan yake.

Ka buga hoton mai kala a Samaru, ka ja layuka gida-gida a kansa, ka ja irinsu a kanbas (ƙyallen zane) ɗin da ka shafa wa jeso, wato farin shafin da ake fara yi kafin fenti, ya bushe. Shafin farko kala ɗaya ne, ruwan ƙasa, ka tsinka shi da tafentin ya yi ruwa-ruwa ka fitar da haske da inuwa kawai. Kar ka sa kananzir, wasu na yi wai don araha.

Inda mutane ke ɓata aiki shi ne gaggawa. Kowane shafi na sama sai ya fi na ƙasa man linsid, wato man da ake gauraya fentin da shi, in ka juya lissafin na sama zai riga na ƙasa bushewa, daga baya ka ga fenti yana tsattsagewa kamar ƙasar fadama da rani. Shuɗin nan kuma ba lafta shi ake ba, siriri-siriri ake bi, ya bushe kwana biyu uku a sake, har inuwar ƙasa ta riƙa leƙowa ta ciki. Zinaren ma babu fentin gwal a ciki wallahi, rawaya ce da ruwan ƙasa sai ɗan ɗigon fari a inda haske ya daka.

Lokacin hunturu ka jingina shi fuskarsa na kallon bango, ƙurar Zariya ba ta da kunya. Taga a buɗe saboda warin tafentin, tsumman da ya sha linsid kuma ka shanya shi a waje, in ka dunƙule yana iya kamawa da wuta.

In ka gama wannan sai ka nemo tsohon hoton Sarkin Zazzau Ja'afaru, baƙi da fari ne, ya yi daidai da shafin farko, rawani da alkyabba ka zaɓa musu kala da kanka. Banish kuma, wato shafin ƙarshe mai sheƙi da ke kare zane, sai bayan wata 6 da gama zanen.