Kafin ka biya kuɗin tirelar tafi-da-gidanka ta hannu a Amurka

Tirelar nan mai gado da kicin da ake ɗaura wa mota a baya a tafi hutu da iyali, ruwa ne ajalinta. Don haka in ka ga wata a shafukan saye da sayarwa na intanet irin su Facebook Marketplace ko Craigslist farashin ya kwanta maka, kada kyan labule da kushin su ɗauke maka hankali.

Ni hancina nake fara sawa gaba. Shiga ka rufe ƙofa ka ɗan tsaya. Warin danshi ko fumfuna ba ya ɓuya, in kuwa mai ita ya cika ta da turare, wannan ma abin tambaya ne. Daga nan sai ƙafa: taka bakin ƙofa da ƙarfi, taka kewayen masai da ƙarƙashin tagogi. Duk inda ya lotsa, katakon ƙasa ya ruɓe. Buɗe kabad-kabad na sama ka haska kusurwoyi da tocila, can ne tabon ruwa yake fara fitowa. Ka nemi tsani ka leƙa rufin, ka dubi danƙon da aka liƙe gefen na'urar sanyaya ɗaki da kafofin iska. In ya bushe ya tsattsage, ruwa ya samu hanya. Sannan ka sauko ka tsaya a kusurwa ka bi bangon waje da ido. Ka ga ya kumbura kamar bangon da damina ta jiƙa? Yi sallama kawai, gyaransa kan ci fiye da ragin da za a yi maka.

Taya kuwa kada zanenta ya ruɗe ka, zaman rana ke tsufar da ita. Nemi rubutun DOT a gefenta, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ta kai shekara shida, sa kuɗin sababbi a cinikinka.

Ka ce wa mai ita ya kunna firji tun daren jiya, don irin mai aiki da gas yakan ɗauki sa'o'i kafin ya yi sanyi. Ya kuma haɗa ruwa a gabanka. Tirelar da ta yi hunturu a jiha mai tsananin sanyi irin Minesota ba a zuƙe mata ruwa ba, ƙanƙara ta fasa bututunta.

A jikin tirelar, gaba ta hagu, akwai takardar da ke nuna iyakar nauyinta da kaya, GVWR. Gwada da abin da littafin motarka ya ce za ta iya ja, ka tuna kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin a kan mahaɗin motar zai sauka. Ka tabbata lambar shaidar tirelar, wato VIN mai harafi da lamba 17 ta jikinta, ta yi daidai da ta takardar mallaka, sunan mai sayarwa ne a kai, kuma banki ba ya bin ta bashi. In ya ce takardar na wurin ɗan'uwansa, bari sai ta zo.